Kankaren da ke ɗinke tsagarsa da kansa: Ina amfaninsa ga mai gini a Illela?

Garin Illela da ke kan iyakar Najeriya da Nijar yana zaune ne tsakanin masana'antun siminti guda biyu. Daga kudu akwai ta Kalambaina a gefen birnin Sakkwato, wadda ta fara aiki tun 1967, yanzu kuma take hannun kamfanin BUA. Daga arewa, idan aka wuce Birnin Konni, akwai ta Malbaza.

A watan Oktoban 2024 kuma, a Illela ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ce da kankare za a shimfiɗa ta maimakon kwalta.

Sai dai kusanci da masana'anta bai sa siminti ya yi araha ba. A farkon 2024 buhu ɗaya ya haura naira 10,000 a sassa da dama na ƙasar nan, har sai da gwamnati ta zauna da kamfanonin siminti a kan batun. Ga magidanci a Lafani ko Araba ko Kalmalo, wanda ya sayar da albasa ko rago ya tara kuɗin bulo, babu abin da ya kai baƙin cikin ya ga bangon da ya gama biya ya fara tsagewa tun damina biyu ba ta wuce ba.

Wannan ce ta sa labarin kankaren da ke toshe tsagarsa da kansa, wanda masana a Turai da Amurka suka shafe kusan shekara 20 suna aiki a kai, ya cancanci a dube shi da idon basira: me yake iya yi, me ba ya iya yi, kuma wane ɓangarensa ne zai yi amfani a yankin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ruwan sama kuma bai cika wuce wata 4 ba?

Daga tsaga ake fara rushewa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A harkar gini, ƙadangaren shi ne ruwa.

Ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina tun wajejen 1830, ya rufta kan masallata suna sallar La'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana a lokacin cewa kwana ɗaya kafin nan an lura da tsaga a jikin ginin, ana kan shirin kiran injiniyoyi ke nan abin ya faru. Bayan shekara ɗaya, a Satumban 2024, ruwan sama mai yawa ya rusa tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram.

Da yawa kan ɗauka cewa wannan matsalar ginin ƙasa ce kawai. Ba haka ba ne. Kankare yana da ƙarfin ɗaukar nauyi idan an danne shi, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa, shi ya sa ake saka masa rodi. Yana kuma tsagewa tun yana bushewa, sannan zafin rana ya buɗa shi, sanyin daren hunturu ya tsuke shi.

Idan ruwa da iska suka bi tsagar suka kai ga rodi, sai ya fara tsatsa. Tsatsa kuwa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, don haka sai ta riƙa tura kankaren daga ciki har ya ɓamɓare. Duk wanda ya taɓa ganin ƙasan wata tsohuwar gada ko rufin kankare da rodi a waje ya yi ja, to ƙarshen wannan tafiyar ya gani.

Ƙwayar halittar da ke aikin birkila

A 2006 wani masanin ƙananan halittu a Jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Henk Jonkers, ya fara neman hanyar da kankare zai toshe tsagarsa kafin ruwa ya kai ga rodi. Ya koma ga wasu ƙwayoyin bakteriya na dangin Basilus, irin waɗanda ke rayuwa a tafkunan kanwa. Dalili shi ne cikin kankare yana da kaifi irin na kanwa, wanda ke kashe yawancin halittu, su kuwa waɗannan sun saba.

Wata baiwar da suke da ita ita ce idan suka rasa ruwa sai su dunƙule su yi barci na shekaru masu yawa, kamar irin ciyawar da ke kwance a ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko.

Ana zuba su ne cikin ƙananan ƙwayoyi tare da abincinsu, wani sinadari mai ɗauke da kalsiyam, a haɗa da siminti da yashi da tsakuwa lokacin kwaɓi. Muddin kankaren lafiya lau yake, suna barci. Da zarar ya tsage ruwa ya shiga, sai su farka su ci abincin, su fitar da farar ƙasa mai tauri, irin dutsen da ake haƙowa a Kalambaina. Ita ce ke taruwa a hankali ta cike tsagar cikin 'yan makonni. Suna kuma shanye iskar oksijin da ta shigo, wadda da ita ce za ta taimaka wa rodi ya yi tsatsa.

An gwada fasahar a wajen ɗakin bincike. A 2014 an yi amfani da ita a wata hanyar ruwan noman rani a tsaunukan ƙasar Ekwado, a 2015 kuma masana daga jami'o'in Cardiff da Bath da Cambridge suka gwada wasu nau'o'inta a wurin aikin wata babbar hanya a yankin Wales na Birtaniya. Yanzu akwai kamfanin Basilisk a Holan da ke sayar da haɗin.

Amma akwai iyaka. Tsagar da yake iya cikewa ba ta wuce faɗin milimita 0.8 ba, wato kusan kaurin katin cire kuɗi na banki. A shekarun farko kuma farashinsa ya kai kusan ninki biyu na kankaren da aka saba.

Binciken bai tsaya a Turai ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Kolawole Osinubi da abokan aikinsa sun wallafa bincike da dama kan yadda irin waɗannan ƙwayoyin ke ɗaure jar ƙasa, su rage yadda ruwa ke ratsa ta.

Abin da Rumawa suka sani

Tunanin ya girmi ɗakin bincike. Ginin Pantiyon da ke birnin Rum ya kusa shekara 1,900 a tsaye, ƙubbarsa ta kankare ce kuma babu rodi ko ɗaya a ciki.

A Janairun 2023 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Admir Masic, suka wallafa wani bayani a kan dalilin daɗewar irin wannan gini. An daɗe ana ganin wasu fararen dunƙule-dunƙule a cikin kankaren Rumawa, ana ɗauka sakacin masu kwaɓi ne. Binciken ya nuna cewa ƙonanniyar farar ƙasa ce da aka kwaɓa da zafinta. Idan gini ya tsage ruwa ya shiga, sai dunƙulen ya narke, ya sake daskarewa a cikin tsagar.

Da suka kwaɓa irinsa suka fasa shi da gangan suka riƙa zuba ruwa, cikin mako 2 ruwan ya daina wucewa. Wanda aka kwaɓa babu farar ƙasar kuwa bai toshe ba.

Wannan ya fi kusa da aljihun talaka, domin babu ƙwayar halittar da za a shigo da ita daga waje, kuma farar ƙasa na cikin abin da Allah Ya hore wa ƙasar Sakkwato da yankin Malbaza.

To mene ne kuma nano?

Kalmar na nufin ƙanƙanta ce ta fitar hankali. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan ɗaya, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kusan nanomita 80,000.

Kankare, ko da ya yi sumul a ido, cike yake da ƙofofin da ido ba ya gani, kuma ta nan ruwa da gishiri ke bi. Gari mai laushin nano yana shiga waɗannan ƙofofi ya toshe su. Iri uku aka fi ji:

Garin silika mai laushin nano, wanda ke ƙara wa kankare tauri ya rage shan ruwansa.

Sinadarin taitaniyam mai fari, wanda idan rana ta buge shi yake narkar da dattin da ya manne a bango. An yi amfani da shi a wani coci da aka buɗe a Rum a 2003.

Girafin, wanda ake samu daga irin baƙin da ke cikin fensir. Masana biyu a Jami'ar Manchester ne suka fara ware shi a 2004, suka samu kyautar Nobel a 2010. A 2021 an zuba daɓen wani ɗakin motsa jiki a Ingila da kankare mai girafin, inda aka rage kusan kashi 30 cikin 100 na kayan da aka saba zubawa.

Rage siminti ba batun kuɗi kaɗai ba ne. Ana ƙona farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin ta zama siminti, kuma masana'antar ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Yankin Sahel na cikin masu ɗanɗana kuɗar wannan ɗumamar.

Sai dai waɗannan garurruka suna da tsada, suna buƙatar awo daidai da injin kwaɓi mai kyau. Ba abin da za a juya da shebur a bakin titi ba ne, shaƙar ƙurarsu kuma na iya cutar da huhu.

Akwai ɗan uwansu na gida: ɓuntun shinkafa. A Wurno da Goronyo da sassan Kebbi ana tara shi tsibi-tsibi a bayan injinan casa, sau da yawa a cinna masa wuta. Tokarsa kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 silika ce. Idan aka ƙona shi a zafin da aka daidaita, tsakanin digiri 500 zuwa 700, aka niƙa tokar ta yi laushi, tana iya maye gurbin kashi 10 zuwa 20 na siminti a kwaɓi, ta kuma rage yadda ruwa ke ratsa kankaren. Daga ita ma masana ke tace silikar nano. Sharaɗin shi ne ƙonawar: tokar juji da aka ƙona yadda aka ga dama ba ta wannan aiki.

Makuba da laso

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da nasu maganin ruwa. Makuba ana samun ta ne daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa shi a ruwa a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, ko a yayyafa wa daɓe. Binciken zamani ya nuna cewa ɓawon na ɗauke da sinadarin da ke kama da wanda ke cikin bagaruwar jima, yana haɗuwa da ƙarfen da ke cikin jar ƙasa ya ɗaure ta.

Laso kuwa daga marina yake fitowa. Ana kwashe katsin da ya kwanta a gindin karofi, a ƙona shi a daka, a haɗa da gashin awaki daga majema da ruwan dafara. Da shi ake shafe rufin soro da cikin rijiyar rini, ruwa ba ya wucewa. Gashin yana hana shi tsagewa, kamar yadda ake zuba zare a kankaren zamani.

Bangon ƙasa ba ya ɗinke kansa, amma yana karɓar gyara fiye da kowane bango. Ƙasar da ta zube ita za a jiƙa a mayar. Tsarin ya ginu ne a kan yaɓen shekara-shekara bayan damina da share indararo kafin ruwa ya sauka. Abin da ke kayar da gidajen ƙasa a yau sau da yawa shi ne barin wannan al'ada, da toshewar magudanai da ke sa ruwa ya kwanta a gindin bango, da kuma shafa filastar siminti kai tsaye a kan ƙasa. Filastar na ɓoye danshi a ciki, bangon ya riƙa rubewa ba a gani ba, ranar da za ta faɗo sai ta taho da rabinsa.

Darasi daga tsallaken iyaka

Ba sai an je Holan ba kafin a ga ginin da ya haɗa tsoho da sabo. A jihar Tawa, wadda Birnin Konni ke cikinta, akwai ƙauyen Yama. A 1962 wani magini ɗan garin, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa. Daga baya aka sake rufinsa aka yi masa ƙubba, aka ƙara hasumiyoyi huɗu, kowacce da siffarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan zanen gine-gine a duniya.

A garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, akwai wani tsohon masallacin da ake dangantawa da wannan magini, wanda ya fara lalacewa. Maimakon a rushe shi, masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a kusa da shi. An kammala a 2018. Yawancin ginin da bulon jar ƙasa ne da aka matse da inji, an haƙo ƙasar a kusa da garin, magina 'yan yankin ne suka yi aikin, kankare da ƙarfe kuma aka taƙaita su inda ba makawa.

A Yamai ma, rukunin gidaje 6 masu hawa da ake kira Niamey 2000, wanda aka gama a 2016, da irin wannan bulo aka gina shi.

Bulon matsi ana yin sa ne da jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, ba a ƙona shi. A Najeriya, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injinansa. Amfaninsa ga mai zama a Illela a bayyane yake: bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, ya sake shi da dare, alhali ɗakin bulon siminti mai rufin kwano babu silin yakan zama tanderu tun hantsi.

Gidan da ke girma tare da iyali

Masu zanen gidaje a duniya yanzu suna yawan magana a kan gidan da za a iya sauya masa fasali gwargwadon buƙata. Gidan Bahaushe haka yake tun asali. Ana kewaye fili, a yi zaure, a yi soro ɗaya ko biyu, wanda Sakkwatawa ke kira shigifa. Ɗa ya yi aure a yanka masa sashe. A garin kasuwa irin Illela, ɗakin da ke kallon titi ya koma shago ko wurin ajiye buhunan hatsi.

Kankare ba ya son wannan. Abin da aka zuba ya zauna ke nan, in an fasa shi kuma sai dai ya zama ɓaraguzan cike rami. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a raba aiki. Harsashi da gindin bango zuwa gwiwa, inda ruwa ke duka, a yi su da dutse ko kankare mai kyau. Linta da ginshiƙai su zama na kankare. Bango ya zama na ƙasa ko bulon matsi, wanda za a iya buɗe wa ƙofa ko a matsar da shi gobe. Rufi kuma ya fito sosai ya kare bango daga feshin ruwa.

Inda zai yi amfani, da inda ba zai yi ba

Duk nau'o'in kankaren da ke gyara kansa, na bakteriya da na Rumawa, ruwa ne ke tayar da su. A bangon ɗaki da ke bushe wata 8 a shekara, tsaga za ta zauna ne tana jiran damina. Zuba kuɗi a nan asara ce.

Inda zai biya kuɗinsa shi ne wurin da ruwa ke zama kuma gyara ke da wuya: tankin ruwa na ƙasa, bakin rijiya, kwalbati, ƙafafun gada, ramin masai, da hanyoyin ruwan noman rani irin na madatsar Goronyo. Mutanen Sakkwato ba su manta da ambaliyar Satumban 2010 ba, wadda ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Irin waɗannan ayyuka na gwamnati ne, kuma a nan ya kamata a fara gwaji, ciki har da kwalbatocin sabuwar hanyar da ta taso daga Illela.

Abu na biyu, babu fasahar da za ta ceci kwaɓin da aka ha'inta. Idan mai bulo ya fitar da bulo fiye da ƙima daga buhu ɗaya, ko aka rage rodi, ko aka yi harsashi a kan ƙasar cike, tsagar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin kowace ƙwayar halitta.

Abin da mai gini zai iya yi tun yanzu

Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa. Ko kankare na yau da kullum yana iya toshe tsaga mai sirantar gashi idan yana samun danshi.

A lokacin bazara a yi zubi da sassafe ko da yamma. Kada a bari lebura ya ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saukin juyawa, domin ruwan da ya yi yawa shi ke barin ƙofofi a ciki.

A tabbatar yashi ba shi da laka, ruwan kwaɓi ba na zartsi ba ne, kuma rodi ya nutse cikin kankare bai leƙo waje ba.

A gyara magudana ta yadda ruwan indararo zai faɗi nesa da gindin bango.

A san tsagar da ke da haɗari: wadda ta tafi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, wadda yatsa ke shiga, wadda ke ƙara faɗi, ko wadda ta zo tare da ƙofa ta fara cijewa. A ja layi da fensir a ƙarshenta a rubuta kwanan wata. Idan ta wuce layin, a kwashe iyali daga ɗakin a nemo injiniya, ba mai filasta ba.

Sauran aikin na jami'o'i da hukumomi ne. An gwada yawancin waɗannan fasahohi a ƙasashe masu sanyi da yawan ruwa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna da farar ƙasar Kalambaina da ɓuntun Wurno da jar ƙasar Illela a kusa da su, ga kuma tsofaffin maginan da har yanzu suka san awon makuba da laso a ka. Su waɗannan tsofaffi kullum raguwa suke yi, kuma abin da suka sani ba a buhu ake sayar da shi ba.